Gashin Matan Kurohae a Bayan Gilashi

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Jami'ar Shiomizaki, Farfesa Odagiri Masatake
Daga: Hayasaka Chizuru, Shugabar Ƙungiyar Mata Masu Nutso, Ƙauyen Kurohae
Kwanan wata: 21 ga Nuwamba, 2023

Game da: Ƙorafi kan farke mutum-mutumin Kannon na ƙauyenmu, da dukan da aka yi wa ɗana a gidan tarihin jami'arku

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawar da ta dace da matsayinka, ina rubuto wannan takarda da sunana da sunan sauran matan da ke nutso a tekun Kurohae. Ina neman afuwa idan rubutun ya karkace. A kan cinyata nake yinsa a barandar asibiti, hannuna na dama kuma har yanzu a kumbure yake.

1. A ranar 9 ga Mayu, Dakta Kuramochi, mai kula da gidan tarihin jami'arku, ya zo ƙauyenmu da kwalin alewa, yana sunkuyawa har goshinsa na neman taɓa tabarma. Ya nemi aron mutum-mutumin Kannon, Uwar Jinƙai, da ke ɗakin bautarmu a kan dutse. Ya ce jami'arku ta haɗa hannu da gidajen tarihin wasu jami'o'i biyu, ɗaya a Koriya ta Kudu, ɗaya a Holan, domin baje kolin da zai haɗa masu zane da masu binciken kimiyya. Muka shaida masa abin da kowa ya sani a Kurohae: duk macen da ta rasa miji ko ɗa takan yanke gashinta, ta ɗaure da jan zare, ta sa shi ta ƙaramar ƙofar da ke bayan Kannon, domin mamacin ya sami wurin kwanciya ko da teku ba ta dawo da gawarsa ba. Ba mai buɗe ƙofar nan sai mai makoki, da hannunta. Ya rantse cewa hoto kawai za a ɗauka da na'ura irin ta asibiti, ba za a taɓa ƙofar ba. A kan haka muka ba shi aron. Ya ci gasasshen kifinmu, har ya nemi ƙari.

2. A ranar 11 ga Nuwamba muka amsa gayyatar buɗe baje kolin, kowacce sanye da kimono, rigarmu ta gargajiya ta biki. Ranka ya daɗe, mun tarar da Kannon a kife, bayanta a wage kamar kifin da aka feɗe. An jera gashin matanmu a cikin akwatin gilashi, kowane ƙulli da lambarsa. An rubuta a gefe cewa an gutsuri kowanne an aika ƙasashen waje domin a gano irin abincin da matan da suke ci. Wata mai zane daga Holan kuma ta zare wasu silili daga gashin ta ɗaɗɗaure tsakanin fitilu, baƙi suna kallo da kofunan giya a hannu suna jinjina kai. Lamba ta talatin da takwas nawa ne. Na gane ƙullina. Baƙi wuluk yake, domin na yanke shi ne shekarar da mijina Tokuji ya fita da kwalekwale bai dawo ba.

3. Ɗana Gen'ichi yana ɗan shekara bakwai lokacin da ya riƙe mini zaren ina ɗaurewa. Yanzu magidanci ne, mai gyaran injin jirgin ruwa, wanda ko kare bai taɓa jifa ba. Ya je gaban Dakta Kuramochi ya sunkuya, ya roƙi a rufe akwatin da zane. Dakta ya yi murmushi ya ce masa, ina ji da kunnena, kada ƙauyanci ya kunyata jami'a gaban baƙi, ai gashi abu ne da masu aski ke sharewa kullum su zuba a shara. Ba na musun abin da ya biyo baya. Gen'ichi ya ciro tukunyar kashe gobara daga bango ya rotsa gilashin, ya soma kwasar gashin yana cusawa a ƙirjinsa, yatsunsa na zubar da jini.

4. Masu gadi huɗu suka yi kansa. Bai ɗaga wa kowa hannu ba, domin hannuwansa biyu suna rungume da gashin. Ɗaya ya sheme shi da kulki a ƙeya. Da ya faɗi, wani ya danne masa wuya da gwiwa a kan fasasshen gilashin, na uku ya murɗe hannunsa har na ji ƙarar ƙashi daga inda nake tsaye. Suka ja shi ta ƙafa, kansa na bugun matakala ɗaya bayan ɗaya. Da na riƙe rigar ɗayansu, ya take mini hannu da takalmi ya ce in matsa, tsohuwar banza. Ina da shekara sittin da tara, na sha ganin abin da teku ke yi wa jikin mutum, amma teku ba ta yinsa tana gyara hula kamar yadda mai gadin nan ya yi. Kafin motar asibiti ta iso, an riga an goge jinin, an tsince gashin daga ƙasa da ɗan hantsaki, an mayar da kowanne kan lambarsa.

5. Daga ranar zuwa yau Gen'ichi bai buɗe ido ba. Babu wanda ya zo daga jami'arku. An dai aiko da kwalin alewa, irin wancan na farko. Daga bakin wanda ya kawo shi na ji cewa ranar 4 ga Disamba za a sa Kannon da gashin a akwatuna, a tura su Koriya, daga can su wuce Holan.

Saboda haka, cikin ladabi nake roƙon mai girma Shugaba da ya dakatar da wannan tafiya, ya ba da umarnin a dawo da Kannon Kurohae tare da kowane ƙulli, har da guntayen da aka aika waje, mu mayar da su da hannunmu. Ina kuma roƙon a miƙa masu gadin nan huɗu ga 'yan sanda, a kuma binciki Dakta Kuramochi. Ba barazana nake yi ba, amma ya kamata ka sani cewa matan ƙungiyarmu sun ce za su kwanta a gaban motar da za ta ɗauki akwatunan, kuma kowacce za ta zo da ƙarfen da take ɓamɓarar kwanso da shi a ƙarƙashin ruwa. Na hana su har zuwa yau. Ban san ko zan iya hana su ranar ba, ban kuma san ko zan so ba.

Jiya likita ya kira ni gefe ya ce in sanar da dangi. Almakashina yana cikin jakata, jan zaren ma na saya. Ranka ya daɗe, kai mai ilimi ne, ina roƙonka ka gaya mini: idan na yanke gashina, ina zan sa shi?

Da dukkan girmamawa da ƙanƙan da kai,

Hayasaka Chizuru
Mahaifiyar Hayasaka Gen'ichi