Saura Ɗaya A Cikin Kwali

Assalamu alaikum Anti Atine,

Don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa. Ki yi haƙuri da rubutuna, firamare kawai na gama. Ina taya Ummata sayar da koko da ƙosai a bakin tasha a Laranto, kuma a jikin tsofaffin jaridun da muke naɗe ƙosai nake karanta filinki. Wani lokaci ina tsakiyar amsarki sai a ce in yago a sallami mai saye. Na ga maganar aure da ta gado ake kawo miki. Tawa ta kare ce. In kin ga ba ta kai a buga ba, ba komai.

Ni ba na iya magana da mutane. Ko a aji in malami ya kira sunana sai muryata ta maƙale. Ƙawata ɗaya ce tak, Uju, 'yar Oga Emenike mai sayar da kayan gyaran babur, katanga ce kawai ta raba gidanmu da nasu. Ita ce mai surutu, ni ce mai saurare, har takan ce ita rediyo ce ni batir. Suna da wata karya ja mai farin ƙirji, sunanta Suga. Da can ko kusa da ita ba na zuwa, amma in za mu ɗebo ruwa tana bin mu a baya.

Farkon daminar nan ciwon baban Uju ya yi tsanani, suka kwashe kaya suka koma garinsu a Kudu. Direban motar ya ce ba zai ɗauki karya mai ciki ba. Uju ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce amana ta bar mini, in Suga ta haihu in ajiye mata ɗaya, za ta zo wurin kawunta a Tudun Wada da Kirsimeti ta karɓa. Na ce to. Ban taɓa iya ce wa kowa a'a ba, balle ita.

Waɗanda suka kama hayar gidan suka kori Suga da duwatsu. Ta koma wani kango a bayan layinmu, a nan ta haifi 'ya'ya biyar. Na samo kwali na shimfiɗa musu buhu. Umma ba ta san ina zuwa ba. Ita ko kwano kare ya sansana ba ta sake ci a ciki. In mun tashi daga tasha sai in ce zan je ɗibar ruwa, in zagaya da ƙanzon tuwo da ragowar miya da ƙosan da ya ƙone.

Anti, Suga ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta daga nesa. Nononta ya yamushe, 'ya'yan su kama su saki, su yi ta kuka. Wata rana wani Fabian mai sayen karnuka ya leƙo kangon, ya dube ta ya yi dariya, ya ce wannan ko kyauta aka ba shi ba ya so, tukunyarsa ma sai ta yi masa Allah ya isa. Na ji daɗi da bai tafi da ita ba, kuma na ji kunya kamar ni ya zaga.

Da kukan ya ishe ni sai na je wurin Gwaggo Kubra, yayar Babana, wadda duk jariran gidanmu ta hannunta suka biyo. Na tambaye ta yadda ake yi da jinjirin da uwarsa ba ta da nono kuma ya ƙi karɓar abinci. Ban ce mata ɗan kare ne ba, bakina ya kasa. Ta ce mu yaran yanzu sai latsa waya, ai ɗura ake yi masa. Ta kwatanta mini da filo: a kwantar da shi rigingine a cinya, a tara tafin hannu a bakinsa, a zuba kunu, in ya ƙi a ɗan toshe hancin, dole ya haɗiye. Ta ce da haka ta raini Babana, ga shi nan ƙato ƙofa ba ta isarsa.

Haka na yi. Ina ɗibar kokon da ya rage, in zuba madarar gari da sukari, in daka ƙuliƙuli in barbaɗa don su yi ƙarfi. In ɗauke su ɗaya bayan ɗaya in kwantar a kan zanina in ɗura musu. Kokon yakan fito ta hancinsu, in share da bakin mayafi, in ce sun ƙoshi ke nan. Cikinsu ya yi tulu-tulu, na ɗauka ƙiba ce har na yi murna.

Babban cikinsu ne ya fara mutuwa, shi da ya fi kowa sha. Na ce to abincin ne bai isa ba, na ƙara yawa, na ƙara kauri. Sai na biyu ya bi shi. Sai biyu rana ɗaya. Da murfin gwangwani na tona musu rami a bayan kangon, Suga tana tsaye tana kallona, ko haushi ba ta yi ba. Da ta cije ni da na fi samun sauƙi.

Yanzu saura ɗaya, baƙi mai farar ƙafa guda, shi ne ƙaramin cikinsu. Shi ya fi ba ni wahala wajen ɗura, yana zillewa, rabi yana zubewa ƙasa. Bai daɗe da buɗe ido ba. Amma shi ma ya daina kuka. Ruwa yana zuba ta saman kangon, kin dai san sanyin Jos da damina, in na taɓa shi da safe kamar dutse. In na kai kunnena kusa ina jin wani ɗan kurkur a ƙirjinsa.

Uju tana kira a wayar Umma ran Lahadi in sun taso daga coci. Ta tambaye ni nawa ne, na ce biyar, duk lafiya. Har ta zaɓa wa nata suna, tana ta dariya, wai za ta saya masa ƙararrawar wuya. Ni ban sa masa suna ba, ina tsoro.

Anti, me zan ƙara a cikin kokon? Na ji ana cewa ɗanyen ƙwai ko manja. Ko hannuna ne ba shi da kyau? Ko don na taɓa abin da aka hana ni ne Allah yake nuna mini? Ni dai na fid da rai, amma na kasa daina zuwa. In ya mutu ban san da wane ido zan dubi Uju ba, kuma ba ni da wata ƙawa.

'Yarki mai jiran amsa,
daga Laranto, Jos.

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata,

Wasiƙarki ta kai a buga, har na sa ta gaban waɗanda suka riga ta zuwa, don taki ba ta jira. Na karanta wa wani likitan dabbobi da na sani, Dakta Chollom, kuma da abin da ya faɗa nake ba ki amsa.

Hannunki lafiyarsa ƙalau. Ɗurar ce. Zan faɗa miki kai tsaye domin akwai rai a gabanki: in aka kwantar da ɗan kwikwiyo rigingine aka zuba masa abu, ba ciki kaɗai yake zuwa ba, har huhu yake shiga. Kokon da kika ga yana fitowa ta hanci alamar ƙwarewa ce. Shi ya sa wanda ya fi sha ya riga tafiya, mai zillewa kuma ya kawo yau. Ki daina daga yanzu. Kada ki riƙe Gwaggonki a zuci, tambayar ɗan mutum kika yi mata ta ba ki abin da ta gada, ko da yake a yau ko ɗan mutum ma'aikatan asibiti sun hana a yi masa ɗura saboda wannan dalilin. Ke ma kada ki riƙe kanki. Yarinyar da ta tona rami da murfin gwangwani ba mai mugun hannu ba ce.

Ɗumi ya riga abinci. Kwikwiyon da jikinsa ya yi sanyi ba ya iya narkar da komai, abincin ma cutar da shi zai yi. Ki ɗaga kwalin daga ƙasa zuwa inda ruwa ba ya zuba, ki canja buhun da busasshen tsumma. Ki cika robar ruwa da ruwan ɗumi, ki naɗe ta da zani, ki jingina shi da ita. In ya yi laushi ƙwarai, ki ɗan shafa masa zuma ko ruwan sukari a dasashi. Sai kin ji jikinsa ya yi ɗumi yana motsi sannan ki ba shi abinci.

Koko ba abincinsa ba ne. Akwai citta da kanumfari da barkono a ciki, kuma cikinsa bai isa ɗaukar gero da ƙuliƙuli ba tukuna. Manja ma ki bar shi. Ki nemi nonon akuya kofi guda, ki tafasa ya huce, ki kaɗa kwaiduwar ƙwai ɗaya a ciki banda farin, da cokali guda na kindirmo marar sukari. In akuya ta gagara, madarar gwangwani marar sukari da aka sirka da tafasasshen ruwa daidai da yawanta za ta riƙe shi na ɗan lokaci. Ki sayi ƙaramin sirinji a kemis ki cire allurar. Ki kife shi a kan cikinsa, yadda yake kwanciya in zai sha nonon uwarsa, ki ɗiga masa a kan harshe ɗigo-ɗigo, ki jira ya haɗiye da kansa. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa a rana, da ɗuminsa. Abin da ya wuni a waje ki zubar. In ya kau da kai, ya ƙoshi.

Uwar ita ce babban magani. In Suga ta ci, nono zai iya dawowa. Miyar gida da ƙosai akwai albasa da magi da yaji, albasa kuwa tana lalata jinin kare, ki daina ba ta su. Ki roƙi mahautan tasha guntayen tumbi da huhu, ki dafa da ruwa zalla, ki cuɗa da tuwo ko shinkafa da romon. Dafaffen ƙwai in ya samu, da ruwa mai tsabta kullum a gabanta. Banda dafaffen ƙashin kaza. Ramar da kika kwatanta da wuya a ce babu tsutsar ciki, wannan kuwa sai likita.

Ga inda ba zan ɓoye miki ba. Kurkur ɗin da kike ji a ƙirjinsa yana nuna abin ya riga ya taɓa huhu, kuma babu haɗin gida da yake warkar da wannan. Sai an kai shi asibitin dabbobi, da gaggawa, a duba uwar ma a yi mata rigakafin haukan kare. Ko an kai shi, Dakta ya ce yana iya tashi, yana iya ƙin tashi. Ban ma sani ba ko yana numfashi a lokacin da kike karanta wannan.

Duk wannan ba ya yiwuwa a ɓoye, don haka ki gaya wa Umma yau. Tana da gaskiyarta: abinci take sayarwa, tsabta da tsarki hakkinta ne, kuma yarinya ita kaɗai a kango abin tsoro ne. Ki yi mata alkawarin kare ba zai shiga gidanta ba, kwanonsu daban, hannu da sabulu kafin ki taɓa komai. Ni ba malama ba ce, amma mun tashi muna jin cewa tausayin duk mai rai yana da lada, har kare mai jin ƙishirwa. Ban ga laifin da ake kama ki da shi ba. In bakinki ya maƙale, miƙa mata shafin nan ta karanta, ko ki karanta mata.

Sai Uju. Ran Lahadi ki gaya mata ba biyar ba ne. Za ta yi kuka, tana iya yin fushi, amma gara ta ji daga bakinki yanzu da ta zo da ƙararrawa ta tarar da kwali wayam. Ki ce ta yi wa kawunta na Tudun Wada magana, shi ya fi kowa cancantar kai su asibiti, wataƙila ma ya ba su wurin kwana. Ki tuna Suga ce amanar farko, kuma ita har yanzu tana tsaye da ƙafafunta.

Ina roƙon Allah Ya sa shafin nan ya riske ki sabo, kafin ya zama na naɗe ƙosai. Ajiye shi yanzu, ki ɗora ruwa a wuta, ki je ki kife ɗan nan a kan cikinsa. Allah Ya dafa miki, Ya ba baban Uju lafiya, Ya yi miki albarka.

Taki,
Anti Atine.