Ƙunshi Bakwai da Ba a Kwance Ba

Da sunan Allah mai rahama nake farawa. Ni ce dai Innarku ke rubuta wannan da yatsa ɗaya, a wayar nan tawa mai tsagaggen gilashi, ba wanda ya sa ni, ba wanda ke tsaye a kaina. Hankalina garau yake, na san ranar yau, na san jikokina goma sha ɗaya har da wanda ya fi kowa ɓarna. Ƙafa ce ta kumbura, numfashi kuma sai da lallashi. Likita ya yi ta kewaye-kewaye, ni kuwa na gane tun bai rufe baki ba. Ba na jin tsoro. Na ci na sha, na ga aurenku ku ukun, me ya rage in ba godiya ba. In rubutu ya karkace ku yi haƙuri, aji huɗu na yi.

Maganar gida da gado Allah ya riga ya raba, ku kira masu sani su yi muku. Nawa 'yan abubuwan sana'a ne, sai magana ɗaya mai nauyi da na daɗe ina haɗiyewa.

1. Kayan da na ɗora a shafin gwanjo na intanet yanzu guda biyar ne: tsohuwar rediyo, labule biyu, takalmin fata, da injin markaɗe na hannu. In ta Allah ta kasance kwanakinsu ba su cika ba, kada wanda ya sauke su. Ku bar lokaci ya cika, wanda tayinsa ya fi a naɗe masa a aika, ko da kuɗin bai kai na ashana ba. Na taɓa sa wata fitila mai kyau na fara da ƙaramin farashi, ina cewa za a yi rububi, sai mace ɗaya tal ta taya. Ina naɗewa ina hawaye, amma na aika. Matar nan shekara takwas tana saye a hannuna, ban taɓa ganin fuskarta ba, ranar da ta ji ina kwance har addu'a ta turo. To kun gani.

2. Auta, kai ka ce kana son sana'ar, duk da ka fi ni son barci. Sikeli naka ne, da abin awo, da ragowar kwalaye da salatif, da farin zanin gadon da nake shimfiɗawa a bakin taga in ɗauki hoto. Da hantsi ake ɗauka, hasken yamma yana yi wa kaya kwalliyar ƙarya. Kuma ka san dokata: hoton aibi shi ke gaba. In riga ta huje, hujin za a fara gani. In kofi ya tsage ka sa farce a kan tsagar ka ɗauka. Sannan ka rubuta aibin a 'yar takarda da hannunka ka jefa cikin ƙunshin. Mutum ya saya idonsa biyu, kai ka kwana lafiya.

Amma ba da sunana za ka ci gaba ba. Lambar sirrin shafin tana cikin gwangwanin maɓallai. In ƙunshi na ƙarshe ya isa hannun mai shi, ka rubuta wa masu saye cewa tsohuwar ta tafi, tana godiya, ka rufe. Ka buɗe naka daga tushe. Taurarin yabon nan da masu saye ke ba mai sayarwa ba a gadonsu, gemunka ya isa ya nemo nasa.

3. Ba wanda ke bina komai sai maƙwabciya mai ɗinki, dutsen gugarta yana ƙarƙashin gadona tun bara. Ku mayar, ku ce na ce ta yafe, ta fi kowa sanin halina. Yarinyar nan ta gidan waya da ke ɗaga min kwali ba ta taɓa ɓata rai ba, a ba ta shuɗin gyalena. Akwai kuma ɗan gwangwani na abin da nake tsinta a aljihun kayan mutane, makullai, hoton wani jariri, ɗan kunne wari guda. Ba nawa ba ne, ba naku ba ne, kada a sayar. Ku ajiye kawai.

4. Yanzu ga hoton aibina, da ya kamata in sa shi a farko, amma hannuna ya ƙi. Uwar-biyu, ke nake so ki zauna ki karanta wannan, ba a tsaye ba, ba kina waya ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ba ki yi wa Yaya Babba magana ba sai gaisuwar da ake yi wa baƙo. Kin ce shi ya sayar da akwatin gyaran agogo na Babanku, na katakon nan mai ƙananan aljihuna, da madubin ido da 'yan sukuddirebobi kamar allura. Ke ce mai zama kusa da Babanku a shago kina miƙa masa, na sani, duk cikinku ba wanda akwatin nan ya shiga ransa kamar ke.

To ba yayanki ba ne. Ni ce.

Bayan rasuwar Babanku gida ya yi tsit, tukunya ma ta yi tsit. Yaya Babba lokacin bai daɗe da fara tuƙin motar kaya ba, shi ya buɗe min shafin ya nuna min inda ake dannawa, iyakarsa ke nan. Ni na ɗauko akwatin da hannuna, ni na goge, ni na ɗora. Da kika dawo hutu daga makarantar jinya kika tarar babu, kika tsaya a ƙofar ɗaki idonki jawur, sai tsoro ya kama ni, na ce ki tambayi yayanki, shi ya san harkar waya. Kalma ɗaya na faɗa don in tsira da fuskata. Kika je kika wanke shi tas a gaban matarsa, ya ɗauki laifin bai musa ba. Ni kuma na ce a raina gobe zan gyara. Goben ce ta zama shekara goma sha ɗaya.

Ba ta ƙare ba, ki ci gaba.

Watannin farko ba mai taya kayana. In ɗora, kwana bakwai su wuce, ko ƙuda. Wa zai yarda da sabuwar mai sayarwa da ba ta da tauraro ko ɗaya. Na kusa haƙura in koma wankau. Sai ga wani mai saye ya ɓullo, sunansa a shafin wasu lambobi ne kawai. Ya sayi buta marar murfi. Ya sayi jakar makaranta mai mataccen zif. Duk abin da duniya ta ƙi, shi sai ya taya, ya biya a ranar, ya rubuta kaya sun iso lafiya, Allah ya yi albarka. Sau bakwai. Na bakwai ɗin shi ne akwatin Babanku, wannan kam an yi rububi, mutum uku suna ta ɗaga tayi, shi ya tsaya har minti na ƙarshe ya cinye. Taurarina bakwai na farko nasa ne, a kansu sauran mutane suka fara yarda da ni. Kullum in na idar da salla sai na sa wa bawan Allah nan albarka.

Shekara huɗu da suka wuce, da matar Yaya Babba ta haifi ƙaramar, na je zaman jego. Na shiga ɗakin ajiyarsu neman bokiti, na ɗaga kai, sai ga ƙunshi bakwai jere a saman kabad sun sha ƙura. Na san ɗaurina, ba mai ƙulla tsumma a kan salatif sai ni. Ko ɗaya ba a kwance ba. Adireshin garejin abokin Yaya Babba ne a jiki. Na zauna a kan buhu na yi kuka, sannan na yi dariya, don mutumin da ya rubuta buta mai kyau ce ko buɗe ta bai yi ba.

Yaya Babba, ka ji na sani. Da ɗan albashinka na lokacin ka yi wannan, kana da jariri a hannu. Na gane abin da ya hana ka fito da akwatin ka wanke kanka: in ka fito da shi zan san ba baƙo ne ya yarda da ni ba, ɗana ne, in karaya. Ka zaɓi ƙanwarka ta ƙi ka, a kan uwarka ta ji kunya. Ni kuma da na gano, maimakon in yi magana sai kunyar ta ninku, na ƙara shekara huɗu. Ka yafe min. Amma kada ka yi wa Auta irin wannan, masu shafin sun hana ɗan gida taya kayan gida, da sun kama mu da tuni sun kore ni.

5. Ga abin da za a yi, kuma ba sai na mutu ba, in kun ga dama gobe ma rana ce. Yaya Babba ya sauko da ƙunshi na bakwai ya kai wa Uwar-biyu har gida, da ƙafarsa, ba aike ba. Ke za ki kwance da hannunki. A ciki akwai 'yar takardar aibi kamar kowane ƙunshi nawa, rubutuna ne, za ki gane karkatarsa. Na tuna abin da na sa har yau. Na ce wannan na mijina ne, a riƙe shi da mutunci, aibinsa ɗaya, murfin yana lilo don 'yata ta taɓa zama a kai tana ƙarama, babanta ya hana a gyara, don Allah kada a gyara.

Akwatin naki ne in yayanki ya yarda, don shi ya saya, halaliyarsa ce. Na san zai yarda. Sauran shidan kuwa, ku buɗe tare ku yi dariyar abin da uwarku ta fara kasuwa da shi. Butar a bar wa Yaya Babba, ya biya.

Uwar-biyu, in fushi za ki yi ki yi da ni, ina nan tukuna, zan iya ɗauka. Kin yi gaskiya da kika so akwatin nan, mai laifin da aka nuna miki ne ba daidai ba, ni kuwa na nuna miki shi.

Na gode wa Allah da ya ba ni sana'a bayan na ɗauka tawa ta ƙare. Na gode wa mutanen da ban taɓa gani ba suka yarda da hoton tsohuwa da farin zani. Na gode muku ku ukun, ban taɓa kwana da yunwa kuna da shi ba. Allah ya yi muku albarka, ya shirya muku zuri'a, ya ba ku masu rufa muku asiri yadda aka rufa min. Auta, kai ne ɗan aike tsakaninsu, in sun yi nauyin ƙafa ka ɗauko su a mota. Ku riƙe juna, ku riƙa cin abinci a faranti ɗaya ko sau ɗaya a wata, kada 'ya'yanku su tashi suna tambayar wane ne wane.

Na sayar da kayan mutane shekara goma sha ɗaya ban ɓoye wa baƙo huji ko ɗaya ba, sai nawa na gida na ɓoye. Yau na sa shi a gaba. Wayata tana kusa da matashi, na ƙure mata ƙara. Wanda ya fara karantawa ya kira ɗan'uwansa tukuna, sannan ku kira ni.

Innarku.