Fitilar da na kafa wa ɓarawon rumbu

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan gurup. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana da lambata, garinmu ƙarami ne, ana ganin suna an gama gane ni. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya cika mini ciki, wadda na saba kai wa kukana kuwa ita ce maganar take kanta.

Ni matar aure ce a wani ƙauye cikin ƙasar Buza, ba nisa da Babankatami, 'ya'yana uku. Na yi lakkwal, wato makarantar boko, har kwaleji kafin in yi aure. Maigidana kamar sauran mazan garinmu yake, in an gama kaka sai ya tafi Abijan, ba ya dawowa sai hadari ya fara haɗuwa. Ɗan gwaggona ne, uwarsa yayar babana ce, kuma ita ta ɗauke ni tun da innata ta rasu ina ƙarama. Ban taɓa yi mata kallon uwar miji ba, Gwaggo nake ce mata, ita ta koya mini daka, ita ta yi mini kitson salla, ita ta zauna mini jego duka ukun. Tana da ɗiya mace, Dije, sa'ata ce, tabarma ɗaya muka kwana har aka kai kowa ɗakinta. Dije tana aure a ƙauyen da ke bayan fadamarmu, mijinta ya tafi Libiya, an daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba.

Kafin maigidana ya tafi yakan ware mana abin da za mu ci da rani, sauran geron kuma ya zuba a babban rumbu, ya liƙe bakinsa da laka ya ɗora masa hular ciyawa. Wannan rumbun damina ne, ba a taɓa shi sai an yi shuka, a cikinsa iri yake, shi ake ci ana noma. Mace kuwa ba ta hawa rumbu a garinmu, ko tsanin ba ma taɓawa. Rumbun yana bayan ɗakina ne, ɗakin Gwaggo yana can wajen zaure.

Ni kuma ina sana'ar fura, ina kai wa bakin tasha. Gerona da tiya nake saye ranar kasuwa, kowa yana ganina da buhuna a kan amalanke, amma ku ajiye wannan a ranku don shi aka rataye ni da shi.

Cikin bazarar nan yayan maigidana, Yaya Mamman, ya zo zagaya rumbu kamar yadda ya saba, sai ya ga lakar bakin sabuwa ce, ba hannun ƙanensa ba ne. Ya fasa ya leƙa, ya tarar gero ya sauka sosai. Ya sauko yana dube-dube, sai ga zangarniya a zube jikin dangar ɗakina. Bai tambaye ni komai ba, vokal, wato saƙon murya, ya yi wa maigidana. Kafin la'asar gari ya ɗauka, wai ashe furar da nake damawa ta rumbun mijina ce. Na yi kuka, na rantse, na ce su tambayi mai awon da nake saye wurinsa, Yaya Mamman ya ce ai mai sayen tiya biyu a idon mutane yana iya ɗibar dami goma a bayan idonsu. Ranar Gwaggo ce ta shiga tsakani, ta dafa kaina a gaban kowa ta ce, “Ku bar ta hakanan. Ƙuruciya ta, kuma hurag ga ta ja mata. Ni na yahe mata, ku ma ku yahe.” Wallahi a lokacin godiya na yi mata a raina, na ce ga uwa tana kare ni. Sai da na kwanta na juya maganar, na ga ai wanda ake yafe wa shi ne ya yi laifi, amma na ce tsufa ne, ba ta iya jera magana ba.

Daga nan rayuwa ta canza mini. Masu sayen furata suka ragu, wata har ta tambaye ni a bakin rijiya ko geron iri ya fi gardi. Babbar ɗiyata ta dawo daga lakkwal ta ƙi cin tuwo, sai da na matsa ta ce yara suna kiranta ɗiyar ɓera. Maigidana da ba ya kwana bai yi mini vokal ba ya koma sai gaisuwar yara. Kullum da dare ina ɗakin Gwaggo ina matsa mata ƙafa ina kuka, tana ce mini in yi haƙuri, Allah ba ya barci.

Ni dai ban iya zama a ce mini ɓarauniya ina kallo ba, zuciya gare ni, ban ɓoye ba. Da muka je biki Madawa na ga wata fitila a gidan bikin, an kafa ta wajen garken awaki, tana nan a mace sai mutum ya gifta ta kama fau, in ya wuce ta mutu. Na tambaya aka nuna mini butik ɗin, shagon da ake sayar da ita. Mai butik ya ce ba ruwanta da kuran, wato wutar lantarki, rana take ci ta wani ɗan baƙin faranti da ake ce wa panno, ta ajiye a batir, tana da ido mai ganin motsi, abin da kawai ba ta so a rufe pannon, in bai sha rana ba ba za ta kama ba. Na dawo gida na sayar da tunkiyata, na aika aka sayo. Mai sharjin salula na garinmu, wato mai cajin waya, ya kafa mini ita a kan gungume tana fuskantar rumbu, pannon kuma ya ɗora shi kan rumfar da muke shanya, don nan rana ta fi bugawa.

Dariyar da aka yi mini ba kaɗan ba. Wasu suka ce na kawo birnin Yamai bayan ɗaki, wasu suka ce ɓarauniya ta sayi mai gadi. Fitilar ma ba ta taimake ni ba da farko, akuya ta wuce ta kama, mage ta kama, jakin maƙwabta ya zo sosa jiki da gungumen ta kama, ni kuma in fito da taɓarya in tarar da jaki yana kallona. Sai da shuka ta matso aka ɗaure bisashe sannan na samu barci. Gwaggo tun ranar farko ba ta so ta ba, ta ce haska rumbu yana korar albarka. Da ta ga ban cire ba sai wata rana muna tsinkar zogale ta tambaye ni, “Wai hitilag ga, mi taka ci?” Na ce rana take ci Gwaggo, in aka rufe wancan baƙin farantin yunwa za ta kashe ta. Har dariya muka yi.

Ba a jima ba na fara ganin faifan kuɓewarta a kan pannon. Rumfa ga ta da faɗi, amma daidai kansa take ajiyewa. Na ce mantuwa ce ta tsofaffi. Kuma ku kun san kunya, ba zan iya buɗe baki in ce wa matar da ta raine ni ɗauke shanyarki ba. Sai na riƙa yin dabara, in ta tafi gidan maƙwabta hira da hantsi in matsar da faifan gefe, in na ji la'asar ta yi in mayar mata daidai inda ta sa, don kada ta ga kamar na gyara mata aiki. Haka muka yi ta yi, ita tana rufewa ni ina buɗewa, ba wadda ta ce wa wata komai.

Ranar da abin ya faru na tashi kafin kiran assalatu zan jiƙa gero, sai na ga haske ya cika bayan ɗakina. Bisashe a ɗaure suke, don haka na san ba jaki ba ne. Na zagaya a hankali. Dije ce a kan tsani, ta ɗaure zane a ƙugu, rabin jikinta cikin rumbu. A ƙasa Gwaggo ce tsaye, dami a hannunta, ga kwanon kwaɓaɓɓiyar laka a gefen ƙafarta, ta ɗaga kai tana kallon fitilar kamar an mare ta. Muna tsaye har fitilar ta mutu don kanta saboda ba mai motsi, sai da Dije ta soma saukowa ta sake kamawa. Na juya na koma ɗaki.

Da gari ya waye Gwaggo ta shigo ɗakina, abin da ba ta saba ba, ta zauna bakin gado. Na zaci haƙuri za ta ba ni. Ta ce yaran Dije sun kwana biyu ba a ɗora tukunya ba, dangin mijinta sun zuba mata ido, ita kuma ba za ta iya roƙon ɗanta, maigidana, ba don ya riga ya ce Dije ta kashe auren ta dawo gida ta ƙi. Ta ce zangarniyar da aka gani jikin dangata faɗuwa ta yi, ba da gangan ba, da aka ɗora mini laifin kuma sai ta ga abin ya zo da sauƙi. Da sauƙi, haka ta ce. Na tambaye ta duk daren da nake matsa mata ƙafa ina kuka me take ji, ta ce ai ta san zan iya ɗauka, ita ta raine ni. Na ce da ta faɗa mini tun farko wallahi da furata zan ciyar da yaran Dije ba wanda zai ji. Ban zage ta ba, amma na faɗa mata ban taɓa sanin ni marainiya ce ba sai ranar.

Yanzu ga inda maganar take. Maigidana ya kama hanya, yau ko gobe motarsu za ta iso. Ya riga ya yi wa Yaya Mamman vokal cewa yana sauka za a tara dattawa gaban liman, in dafa Alƙur'ani. In na ƙi, in tattara in koma gidan babana. In na rantse kuma, za a ja Yasin a kan duk wanda ya taɓa rumbun, kowane ne. Gwaggo ta ji wannan ta tsorata, don ta yarda da Yasin fiye da yadda ta yarda da likita. Shekaranjiya ta sake zuwa ta kama hannuna biyu, ta ce, “Ɗiyata, ki ce ke ta. In kinka amsa ba a jan komi. Ni ka hana shi sakinki, ba shi tsallake maganata. Ke yarinya ta, ana mancewa. Ni in anka ji, da wace huska ni ka shiga kabari?” Dije kuwa ko vokal ba ta yi mini ba, ta bi ta bayan gari ta koma ɗakinta.

In na amsa laifin, na tabbata ɓarauniya har abada, 'ya'yana su tashi da sunan, kuma ko bai sake ni ba na san ba zai ƙara ba ni ajiyar ko allura ba. In na rantse na yi shiru, na bari a ja wa matar da ta goya ni Yasin ina kallo, kuma duk abin da ya same ta bayan nan, ko tuntuɓe ne, zuciyata ba za ta bar ni ba. In na faɗi gaskiya a gaban dattawa, na tona wa yayar ubana asiri, babana ma ba zai gode mini ba, kuma wa ya ce za a yarda? Shaidata ɗaya ce, ita kuma fitila ba ta magana. Na yi tunanin in faɗa wa maigidana mu biyu a ɗaki, amma wane ɗa ne za a ce masa uwarka ce ya zauna lafiya da wadda ta faɗa?

Ina jin haushinta har ba na son jin tarinta, kuma jiya da ta kasa ɗaga tulu ni na je na ɗaga mata, ban san lokacin da na tashi ba. Malamai da iyaye mata na gurup ɗin nan, don Allah ku faɗa mini abin da za ku yi in ku ne, kada ku ce mini haƙuri kawai, na sha shi har ya ishe ni. In amsa, in rantse, ko in faɗa?

Kuma ku taimaka da wuri. Yanzu da na fito shanya kayan yara na ga faifan kuɓewar ya koma kan panno, wannan karon har da dutse Gwaggo ta danne shi. Da alama so take fitilar ta mutu Dije ta sake hawa rumbun daren nan. Ina zaune ina kallonsa nake rubuta muku, rana tana ta yi, ban ɗauke ba tukuna.