Takalmin Ya Shiga

Zuwa ga ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Hadiza da yara. Yaya aiki, yaya zaman Fatakwal? Mu nan Ƙarfi alhamdu lillahi, an fara yankan dawa.

Takalmin da ka aiko mini da Sallah, wanda ya ƙi shiga saboda kumburi, jiya ya shiga. Likita a Malumfashi ya ce ruwa ne ya taru mini, ga hawan jini. Ya ba ni wata 'yar ƙwaya ta safe mai fitar da ruwan ta fitsari, ya kuma hana ni gishiri.

Maganin yana aiki, ba ƙarya. Amma Sani, ya mai da ni ɗan tsaron gida. Kafin azahar sai in zaga sau shida, buta ba ta barin hannuna. Kasuwar Funtua na daina zuwa, wane direba zai riƙa tsaya mini a hanya? Ciyayyar da muke yi a ƙofar gida da su Malam Idi ma na janye. Ran nan ya ɗanɗana miyata ya ce, "Alhaji, wannan ai sai kai." Dariya aka yi, ni ma na yi, amma tun ranar a zaure nake cin tuwona ni kaɗai.

Ka sa ni a addu'a. Ka gaishe da Hadiza, ka shafa mini kan yara. In ka samu hutu ka zo, ko kwana biyu ne. Takalmin na nan a goge bakin ƙofa, ban dai sami inda zan je da shi ba.

Yayanka,
Lawal