Sunan Makarantar Bai Kai Tsawon Yatsana Ba

Assalamu alaikum. Zuwa ga jikana Tasi'u, maigidana, a duk inda wannan magana ta riske ka. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana raye, kana da lafiya, kana samun ruwan sha.

Ni ce Iya, daga Ɗanzomo. Ka san ba hannuna ba ne wannan, ni ko alif ban iya ja ba. Malama Rakiya ta firamare ce ke zaune a tabarmata tana dannawa a waya, ni ina faɗa. Ta ce za ta sa a inda kowa ke gani, wai ko kai ba ka gani ba, wani da ya san ka zai gani. Na ce mata ta rubuta yadda ya fito daga bakina, kar ta gyara. Masu dariya su yi. Kunya ta ƙare mini.

Tun gero bai nuna ba ka tafi. An yi girbi, an ɗaure, an kai rumbu, yanzu har an fara sharar gona. Sau ɗaya tak na ji muryarka.

Ina so in faɗi abin da na yi maka, don ban taɓa faɗa a gabanka ba, kai kuma ba ka taɓa faɗa mini ba.

Ka tuna ranar da ka dawo daga Gumel da takarda a hannu, kana tsalle kamar ɗan akuya. Ka ce, amarya, shirya, mijinki ya ci. Wai babbar jami'ar nan ta kudu, tsohuwa, wadda kowa ya san sunanta, ta ɗauke ka karatun injiniya. Ni da na ji kudu, sauran maganar ban ji ba.

Kai ba ka san ubanka ba, kana goye ya tafi. Ya bi tirelar shanu daga Maigatari zuwa kurmi, kamar yadda ya saba. Hularsa aka kawo mini. Har yau ban san ƙasar da aka rufe shi ba. Uwarka ta yaye ka, ta yi aure a Sule Tankarkar, aka bar mini kai. To kai kaɗai ne, Tasi'u. Ba ni da wani.

Washegarin ranar takardar, da ya ji na ƙi, shugaban makarantarku ya zo har gida a kan babur. Mutum mai furfura, ya cire takalmi ya tsuguna a gabana. Ya ce, Iya, jami'o'in nan ba ɗaya ba ne. Akwai na gaba, akwai na baya, jera su ake yi kamar sahun sallah, kuma masu ba da aiki sahun gaba suke dubawa. Ya ce a duk shekarun da ya yi yana koyarwa bai ga kai irin naka ba, in bar ka ka tafi.

Ni kuwa na ɗauka na fi shi sani. Na ba shi labarin Malam, kakanka. A wata 'yar tsangaya ya yi karatu a bayan Gagarawa, ko darni ba ta da shi. Amma duk garin da ya sauka, ba wanda ya taɓa tambayarsa a gaban wa ya wanke allo. Cewa ake yi, ja mu ji. In ya ja daidai, sai a matsa masa wuri a buzu. Na ce wa shugaban, Ƙur'anin Gagarawa shi ne na Makka. Ga sabuwar jami'a an buɗe nan kusa, mota ɗaya ce, yaro ya je can. In ya iya, ai za a ce ya ja a ji.

 Bawan Allah ya ce, Iya, boko ba haka yake ba. Na ce karatu karatu ne.

Da ya tafi ka sake roƙona. A nan ne na yi maganar. Na ce, in ka sa ƙafa ka yi kudu, ban yafe ba, duniya da lahira. Kana riƙe da kwanon fura. Ka ajiye, ka rufe da faifai, ka ce, to, Iya. Shi ke nan abin da ka ce.

Wallahi a lokacin na ɗauka na cece ka.

Ka yi karatunka nan kusa. Duk ƙarshen wata kana gida, kana cinye mini ƙuli-ƙuli, kana cewa tuwona ya tsufa kamar mai shi, za ka sake ni. Ina cewa sake ni mana, wa zai karɓe ka da wannan dogon wuyan. Shekarun nan su ne mafi daɗi a rayuwata, ban san da me na saye su ba.

Ranar da ka gama ka zo ka ce ka fito da fas kilas. Na ce mene ne shi da Hausa? Ka ce aji ɗaya. Na fashe da kuka, na ce duk shekarun nan kana aji ɗaya ba a ciyar da kai gaba ba? Ka yi dariya har ka kwanta a ƙasa. Sai Malama Rakiya ta leƙo ta katanga ta ce, Iya, ai shi ne na gaban kowa. Na yi guɗa da bakin nan nawa marar haƙori. Na ce to ga shi, wa ya ce ban san abin da nake yi ba?

Ko bautar ƙasa da aka tura ka kudu, sai da ka yi ta zirga-zirga aka dawo da kai kusa, saboda maganata. Ba ka gaya mini ba. A bakin mutane na ji.

Daga nan sai jira. Ka aika takarda nan, ka aika can. Kullum kana duba waya kamar mai jiran haihuwa. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Na daina tambaya, don na ga tambayar tana rage maka ci.

Nura abokinka, wanda kake koya wa lissafi a gindin darbejiyar ƙofar gida kana zaginsa da kan kabewa, shi uwarsa ta bar shi ya je babbar. Ya dawo da aiki a hannu, kamfani a Abuja. Yaron kirki ne, duk sallah sai ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Sallar layya da ta wuce kuna zaune a zaure, ina bayan zana ina tankaɗe, na ji ya ce maka shi da kansa ya kai takardarka wurinsu. Ya ce kashi biyu ake yi wa takardun, sunan makaranta ake dubawa a sama. Kashi ɗaya a kira su. Ɗaya kashin ko buɗewa ba a yi. Ya ce, wallahi Tasi'u ka fi ni, kowa ya sani, amma ba su san makarantarku ba. Rariyar ta tsaya a hannuna.

Ai mu nan mun ji ka ja. Famfon sola na unguwarmu da ya mutu, aka ɗauko mai gyara daga Kano ya kasa, kai ka hau da sukundireba ɗaya kafin la'asar ruwa ya zubo. Har yau shi muke sha. Amma wa zai je Abuja ya faɗa?

Sau ɗaya aka kira ka, a Kano. Na wanke maka farar shaddar nan, aka kai bugu. Ka dawo da yamma ina ɓarar gyaɗa, ka zauna kana taya ni. Can ka ce mutumin ya ɗaga takardar ya tambaye ka, wannan makarantar a ina take? Ka faɗa masa. Ya ce za su neme ka. Na ce, to ba su ce ka ja su ji ba? Ka yi wata dariya da ban so ba. Ka ce, Iya, can ba a ja. Suna ake dubawa.

Da ka zage ni a ranar, da na fi samun sauƙi.

Sai ka koma acaɓa a Maigatari. Ranar Alhamis ta kasuwa in ka dawo, fuskarka ba ta ganuwa don ƙura. An gaya mini yadda 'yan tasha ke kiranka, Injiniya, kai ni kara. Injiniya, ɗauki buhun nan. Kana amsawa. Wasa ya ƙare a bakinka, ka daina ce mini amarya. Iya kawai.

Wata Alhamis ka fita ba ka dawo ba. Mai babur ɗin da kake haya ya aiko cewa ka mayar masa da makulli. Wani ɗan kamasho ya ce ya gan ka ka tsallaka iyaka da jaka ɗaya, ka shiga motar Damagaram.

Kwana tara sai ga kira a wayar Malama, da wata lamba ta Nijar. Ka ce kana Agadas, kuna jiran motar da za ta ratsa sahara da ku, wai can gaba ana neman masu aikin sola, kuma ba a tambayar makaranta, hannu ake dubawa. Na fara kuka ina cewa ka dawo. Ka ce, Iya, kar ki damu, ban karya maganarki ba. Kudu kika ce. Ni arewa na yi.

Sai layin ya yanke. Mun kira lambar ya fi a ƙirga. Wani ya ɗauka sau ɗaya da wani yare, bai san ka ba.

Tasi'u, ni ban san ana rufe ƙofa ɗaya a buɗe wadda ta fi ta muni ba. Kudu aƙalla akwai titi, akwai gari, akwai wanda zai kawo hula. Can da ka nufa an ce rairayi ne kawai. An ce in mota ta lalace, shi ke nan. Duk wanda ya dawo daga can sai in aika a tambaye shi. In na ji babur ya tsaya a ƙofar gida, sai in ƙi leƙawa, don ban san da wane labari ya zo ba.

Takardunka suna cikin adakata, a leda, yadda ka bar su. Ɗazu na sa Malama ta nuna mini inda sunan makarantar yake. Ta nuna. Na ɗora yatsana a kai, ya rufe shi ruf. Ɗan abin da bai kai tsawon yatsana ba. Ni na zaɓa maka shi.

To ka saurara, ɗan nan. Na janye maganata. Na janye ta duka, a gaban Malama da duk mai karanta wannan. Na yafe maka duniya da lahira, da ma ba ka yi mini komai ba. Ka yi kudu, ka yi gabas, ka je ka sake karatun a babbar in ana sakewa, ka zauna can kar ka zo ko jana'izata. Na yarda. Ka fito daga rairayin nan kawai. Kai ne za ka yafe mini, in kana iyawa.

Na je wurin liman na tambaye shi, in mutum ya janye magana wanda aka ɗora wa bai ji ba, ta janyu? Ya ce ta janyu, Iya, Allah ya ji, ya wadatar. Na yi masa godiya na taho. Amma ni ba ta wadace ni ba. Kai ba ka ji ba. Duk inda kake, a raye ko ba a raye ba, kana ɗauke da ita, kana kiyaye ta, yadda ka saba.

Allah ya tsare gabanka da bayanka. Allah ya haɗa ka da mai ba ka ruwa. Allah ya sa wannan ta riga mummunan labari isa, nawa gare ka ko naka gare ni. Allah kar ya kama ka da tsoron wata tsohuwa. Amin.

Ni ce kakarka, amaryarka in ba ka sake ni ba,
Iya.