Guɗar da Na Yi a Rami na Sha Shida

Zuwa ga Shugaban Hukumar Gasar Golf ta Ƙwararru,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, ina yi maka barka da kammala kakar wasa ta bana. Sunana Rabi, ina zaune a Highbridge cikin Bronx, aikina kula da tsofaffi a gidajensu. Da Hausa na rubuta wannan takarda, don da ita nake iya faɗin abin da ke raina. 'Yata Bilkisu za ta juya maka ita zuwa Turanci, na kuma ja mata kunne kada ta sassauta ko kalma ɗaya. Na sa a buga ta a fili ne saboda sau biyu muna aika saƙo ofishinka shiru, ga shi labarin ya riga ya zaga unguwa, har a wajen suna ana nuna ni da baki.

Ni ce matar da masu tsaronku suka fitar daga fili ranar Lahadin ƙarshe ta kakar bana, a rami na sha shida cikin ramuka sha takwas na filin. Ni ce kuma kuka aiko wa ɗana takarda a kaina, cewa an hana ni shiga duk wata gasa taku har ƙarshen kaka mai zuwa. Laifi biyu kuka rubuta: wai na yi ihu da gangan don in ɓata wa wani ɗan wasa bugu, wai kuma na ƙi faɗin sunan wanda ya gayyace ni. Ƙara kam na yi ta, ba na musu. Amma yadda kuka rubuta ba haka abin ya faru ba, sai ka yi haƙuri ka saurare ni.

Na farko, ka san wace ce ni a wurinsa. Ɗan wasan da ya gayyace ni ɗana ne na fari. A wurinmu, ranka ya daɗe, uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta ma nuna ta damu da shi. Kunya muke ce wa abin. Haka uwata ta yi da yayanmu har ta koma ga Allah, ni ma haka na tashi na gani. Shekararsa ashirin da bakwai, sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. In yana nan in ce kai, in ba ya nan in ce yaron nan. Marigayi maigidana, Malam Sale, gwanin tsokana ne. In ya dawo daga tuƙin tasi sai ya tsare ni da tambaya wai wa ya cinye naman miya, don kawai ya ga yadda zan murguɗa baki in kasa faɗa. A makaranta da asibiti shi ke faɗin suna, ni in gyaɗa kai.

Malam Sale ne ya koya wa yaron wasan nan. Kafin mu zo ƙasar nan ya yi shekaru yana ɗaukar wa 'yan golf jaka a Kaduna. Da muka zo, duk Lahadi sai ya ja yaron zuwa filin gwamnati da ke can saman Bronx, da wasu tsofaffin sanduna da ya rage musu tsawo da zarto. Ni kuwa ba irin mitar da ban yi ba. Me ya haɗa ɗan direban tasi da wasan manya? Sai ya yi dariya ya ɗauki hularsa. Shekara uku ke nan da rasuwarsa, bai ga wannan kaka ba. A ciwon ajalinsa abu ɗaya ya roƙe ni, in je in kalli yaron yana wasa ko da sau ɗaya ne. Na ce to, sai na yi ta ɗagawa.

Na biyu, kada ka ɗauka baƙuwa ce ta faɗo muku fili ranar. Kakar nan tare muka yi ta da ku, daga farko har ƙarshe, ta cikin wayata. Da farko ban san kan wasan ba. Ranar da na ga lambarsa ta fi ta kowa ƙanƙanta har hawaye na yi, na zaci shi ne kurar baya, sai da Bilkisu ta gama dariyarta ta fahimtar da ni cewa a golf mai ƙarancin bugu shi ne gwani. Daga nan na san jar lamba, wadda ake sa wa mai ƙarancin bugu, alheri ce, baƙa kuwa akasin haka. Na san ana farawa ranar Alhamis, in Juma'a ta yi a sallami rabin 'yan wasa su kama hanya. Tsohuwar da nake kula da ita ma ta haddace, in ina ba ta abinci ta ga hannuna ya nufi aljihu sai ta tambaye ni ja ne ko baƙi.

Da tsohuwar motar babansa yaron ya yi ta zaga jihohi, ni kuma in cika masa bayanta da dambun nama da garin kunu da yaji. A tsakiyar kaka, mako biyar a jere ana sallamarsa ranar Juma'a. Ya kira ni daga bakin wata hanya da rana tsaka, murya a dushe, ya ce yana jin zai ajiye sandunan ya nemi aiki. Wallahi zuciyata cike take da magana. Na so in ce masa babansa bai yi kuskure ba, na so in ce masa ni ban taɓa ganin mai haƙurinsa ba. Abin da ya fito shi ne, ya ci abinci? Ya yi sallah? Iyakar abin da na iya ke nan. Fariya kuwa maƙwabciyata Hajiya Zara, 'yar Maraɗi mai rumfa a Canal Street, ita ke yi a madadina, duk wanda ya tsaya sayen hula sai ta nuna masa hotonsa.

Allah da ikonsa, wasa ya dawo masa. Aka zo gasar ƙarshe, a wani fili kusa da mu, tafiyar jirgin ƙasa biyu da bas ɗaya. In ya gama cikin na sama zai samu katin hawa babbar gasa, abin da shi da babansa suka yi shekaru suna nema. Sai na tuna alkawari. Bilkisu tana aiki a asibiti ranar, don haka ni kaɗai na tafi. A ƙofa, yarinyar da ke raba bajon iyali ta tambaye ni sunan ɗan wasa, na nuna mata da yatsa a jerin sunaye, ta yi murmushi ta rataya mini. Allah ya yi mata albarka.

Na uku, abin da kuka kira ihu sunansa guɗa. Ita ce ƙarar da mata ke yi in an kawo amarya ko an yi haihuwa, don kowa ya san farin ciki ya sauka a gidan. Ka tambayi duk Bahaushen Bronx, in ana biki ni ake nema. Na yi wa 'ya'yan Kanawa, na yi wa na Nijar, na yi wa na Gana. Amma uwa ba ta yi wa nata, wannan aikin gwaggo ne da maƙwabta. Rami sha biyar na bi shi a bayan igiyar da ke tare 'yan kallo ban ce uffan ba, har laɓewa nake yi a bayan itatuwa kada ya gan ni ina kallonsa. A na sha shida ƙwallonsa ta tsaya nesa da rami, kamar daga ƙofar ɗakina zuwa ƙarshen baranda. Ya ɗan taɓa ta, ta yi ta rarrafe, ta karkata, ta tsaya a baki kamar ba za ta shiga ba, sai ta faɗa. Sai ya cire hularsa ya sosa ƙeya da ita. Haka Malam Sale ke yi in abu ya yi masa daɗi, sak, ba bambanci. Wallahi tallahi ban san lokacin da guɗar ta fita ba.

Ashe a bayana, ƙetaren wasu itatuwa, wani ɗan wasa ya ɗaga sanda zai buga a rami na gaba. Ban gan shi ba, ban ga mai ɗaga allon a yi shiru ba, don idona yana wuri ɗaya. Ƙwallonsa ta faɗa ruwa. Sai daga baya na ji. To ta ina gangan ta shigo? Mutumin da ban san da shi a wurin ba, yaya zan nufe shi da sharri?

Na huɗu, yadda aka fitar da ni. Ban wuce rabin guɗar ba maza biyu suka tsaya a kaina, ɗaya ya riƙe mini dantse. Haba ranka ya daɗe! Ni mace ce Musulma, mai jikoki a dangi, tun da nake wani namijin waje bai taɓa kama mini hannu ba. Kuma tun safe nake ganin wasu ƙarti da kofunan giya suna kwarara ihu bayan kowane bugu, ba wanda ya ce musu kanzil. Bilkisu ta ce su sun san lokacin da ake yi. Na yarda. Amma wa ya gaya mini lokacin? Suka tambaye ni baƙuwar wa ce, da Turanci mai sauri, babu jerin sunaye da zan nuna. Na buɗe baki, sunan ya zo maƙogwaro ya tsaya. Na sake gwadawa, ya ƙi. Ga lamba a jikin bajon da suka cire daga wuyana, da sun duba sun gani. Shi ne suka rubuta wai na ƙi magana. Ban ƙi ba, kasawa na yi, kuma abin da ya hana ni shekara ashirin da bakwai ba zai sake ni a minti ɗaya don mutum ya ɗaure fuska ba.

Suka sa ni a 'yar ƙaramar motar nan ta fili, suka ajiye ni inda bas ke jira. A nan na zauna a kan dakali, waya a hannu. Sau biyu na jiyo tafi daga nesa, ban san na wa ba ne, har jar lambar ta tsaya ba ta sake motsi ba. Ya samu katin. Direbar bas, wata baƙar mace mai kirki, ta ga ina kuka ta miƙo mini ruwa, ta zaci mutuwa aka yi mini.

Na biyar, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Akwai hoton da aka ɗauka a rami na sha takwas. Iyayen wasu da matansu sun rungume nasu, shi kuwa yana tsaye da hula a hannu yana bin igiya da ido. Ya zaci kunya ce ta kore ni, don haka na saba yi masa. Ranar da ya gama makaranta ma kafin a kira sunansa na sulale na fita. Bai gaya mini komai ba, amma ya gaya wa ƙanwarsa cewa ya gane muryata. Ya ce tun yana ƙarami yake jin guɗar nan ana yi wa 'ya'yan mutane, bai taɓa zaton akwai tasa a ciki ba, kuma ramuka biyun ƙarshe da ƙyar yake ganin ƙwallo. Da takardarku ta zo ya ce in bar maganar, kada a ce sabon shiga ya fara da rigima. Ya yi haƙuri, wannan karon ban ji maganarsa ba. Kaka mai zuwa ita ce ta farko da zai yi a babbar gasa, ita ce kuma kuka ce ba zan gani ba.

Don haka ga roƙona. Ina roƙo a goge maganar gangan da maganar ƙin faɗin suna daga takardar nan, don ba gaskiya ba ne, kuma tana maƙale da sunan yaron da bai yi laifin komai ba. Ina roƙo a ɗage hanin da aka yi mini. Ina roƙo ku sa wanda zai riƙa yi wa iyaye irina bayani a ƙofa, ku kuma samar da mata cikin masu tsaro. Sannan don Allah ka isar da ban haƙurina ga ɗan wasan da ƙwallonsa ta faɗa ruwa, shi da mahaifiyarsa. An ce bai samu katin ba. Ban sani ba ko ni ce sanadi, amma abin yana damuna, kuma ina sa shi a addu'a bayan kowace sallah. Nasa sunan kam ina faɗa ba wahala.

Ni kuma na yi maka alkawari, in kun bar ni na dawo, zan cusa bakin mayafina a baki tun daga rami na ɗaya har mutum na ƙarshe ya gama bugawa a na sha takwas. Bayan nan sai ku yi haƙuri da ni, don rabin guɗar na yi, akwai sauran rabi.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci, ya raya maka zuri'a, ya sa ka ga abin farin ciki a kan naka 'ya'yan kana tsaye kusa da su. In mahaifiyarka tana raye Allah ya ƙara mata lafiya, in ta rasu Allah ya sa ta huta.

Bilkisu ta ce ofishinku ba zai gane takardar wa ake nufi ba sai an sa sunan ɗan wasa, ta ce in bari ita ta rubuta. Na ce a'a, ta bar mini biron. Sunansa Aminu. Ɗana ne, ni na haife shi, kuma ina alfahari da shi.

Wassalam.

Rabi, mahaifiyar Aminu,
Highbridge, Bronx.