Kada Ka Goge Muryar Kaka

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti matarka da jaririya, ya kuma sa albarka a karatunka. Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Baba ya koma aiki, ƙafar ta sake shi. Auta ya shiga makaranta, kullum sai ya dawo babu fensir, wai fensirin ne ya gudu. Kaka kuwa da sauƙi, tana cin abinci, tana ɗaga hannun hagu, amma tun ciwon da ya shanye mata ɓarin jiki maganarta ba ta dawo ba. Likita ya ce a ci gaba da magani da addu'a, bai dai yi mana alkawarin komai ba.

Ka san ni ba gwanar magana a waya ba ce, in ka kira sai in miƙa wa Mama, shi ya sa na rubuta, zan ɗauki hoton takardar in turo maka don ta yi sauri. Maganar bidiyon nan ce da na ɗauka da wayar Mama kafin ka tafi, ranar da Kaka ta zauna a tsakar gida tana ba mu labarin yadda ta koyi ɗinki a ɓoye da keken yayanta. Hoton ya fito da kyau, har ramin kumatunta ana gani, amma ƙarar injin maƙwabta ta cinye maganar. Kai kuma a ranar ka ajiye 'yar rakodarka ta makaranta kusa da gwiwarta. Abin da ta ɗauka ka tura wa Gwaggo, Gwaggo ta tura wa Kawu, Kawu ya turo mana. Mama takan kunna bidiyon a wayarta ba murya, ta kunna muryar a wayar Baba, su biyun ba sa taɓa tafiya tare. A bidiyon Kaka ta rufe baki, muryar tana ta zuba.

Sai Mama ta aike ni wurin matar nan mai shagon haɗa bidiyo a bakin titinmu, wadda yara ke kira Anti Mai Kwamfuta. Na daɗe a ƙofa kafin in iya yin sallama, har ta ce ko na zo gadin takalman mutane ne. Yaya, ashe hoto daban, murya daban, tare kawai aka zuba su a mazubi ɗaya! Ta nuna min a allon kwamfutar, hoton a layin sama, muryar a ƙasa kamar haƙoran zarto. Ta cire ta ƙasan, ba ta taɓa hoton ba ko kaɗan, ta sa wadda Kawu ya turo. Na tambaye ta yadda za ta san inda za su haɗu, ta nemo wurin da Kaka ta tafa hannu tana dariya, ta ja muryar har ƙarar tafin ta faɗa daidai kan tafukan. Ban san lokacin da na ce “kai!” ba.

Amma da na kawo gida Mama ta saurara, sai ta ce maganar dai ta Kaka ce, muryar kuwa kamar daga cikin gwangwani. Kaka da kanta ta kalla, ta yamutsa fuska, ta kau da kai. Baba ya ce da babu gara ba daɗi. Ni dai abin ya tsaya min a rai, na koma shagon, tunda matambayi ba ya ɓata. Anti ta ce in aka tura murya ta waya yadda muka saba, wayar kan matse ta don ta yi sauƙin tafiya, ta zubar da abin da take ganin kunne ba zai lura ba, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa. Don in gane, ta sa ni magana a makirfo. Kunya ta kama ni, sunana kawai na iya faɗa. Ta kunna min matsattsiyar, na ji suna kawai. Ta kunna cikakkiyar, na ji har haɗiyar yawuna da rawar numfashina. Na rufe fuska, tana ta dariya. Tun ranar nake tunanin me wayar ta zubar na Kaka. Ko ɗan jan numfashin nan ne da take yi kafin ta tsokani mutum?

To ga abin da ya sa na rubuto. Jiya na ji ka gaya wa Baba rakodar ta cika, shi kuma ya ce ka goge na Kaka tunda muna da shi. Yaya, don Allah kada ka goge. Namu ba shi ne naka ba. Anti Mai Kwamfuta ta ce na asalin yana cikin rakodar, mai yiwuwa sunansa ya ƙare da WAV, kuma zai yi nauyi sosai. Ka kwafe shi a kwamfuta, ka turo shi yadda ake tura takarda, ba yadda ake tura saƙon murya ba, kai tsaye zuwa wayar Mama, kada ya bi ta hannun kowa.

Mama da Baba suna gaishe ka, da Gwaggo, da Kawu Dogo, da Auta. Ka gaida Anti, ka shafa min kan jaririya. In kuma har ka riga ka goge, kada ka faɗa wa Mama a waya. Ka rubuto min ni kaɗai, zan nemo bakin da zan gaya mata.

Ƙanwarka,
Shiru-shiru